Ɗakin Alajo da ruwan Odaw: me ya sa ruwa ke cin Ankara alhali na Kumasi ya fi yawa?

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga saƙonka tun shekaranjiya, zama ne ban samu ba sai yau. Ka ce kai ɗan Aboabo ne a Kumasi, sana'ar gyaran waya za ta dawo da kai Ankara (Accra) wajen Tip Toe Lane da ke Circle, wato shataletalen Kwame Nkrumah, an nuna maka ɗaki a Alajo bayan babbar gota, kuɗinsa ya yi araha har zuciyarka ta ƙi kwanciya, mai gidan kuma ya rantse maka wai tunda aka yashe gotar ruwa bai ƙara shiga ba. Sannan kana tambaya me ya sa ma ruwa ke cin Ankara duk shekara alhali ruwan da ake yi muku a Kumasi ya fi namu, ko dai bola ce kawai kamar yadda ake ta faɗa a rediyo.

Toh ka gyara zama don amsar za ta ɗan yi tsawo. Ni a Maamobi aka yanke cibiyata, kuma shekara ashirin da ɗoriya ina aikin awon ƙasa da magudanan ruwa a garin nan, na shiga cikin kogin Odaw da takalmin roba ya fi a ƙirga, don haka abin da ido ya gani zan gaya maka.

Maganarka ta farko gaskiya ce. Ankara ɗinmu ta Gana ba garin ruwa ba ce sam, abin da ake samu a shekara bai wuce wajen milimita 800 ba, ku kuwa a Kumasi kuna samun kusan 1,400. Ko Tamale ta fi mu ruwa, mutane da yawa in ka faɗa musu haka sai su ce wasa kake. Ka duba daji in za ka fita ta hanyar Tema ko Dodowa, ciyawa ce da ƴan gajerun itatuwa, kamar kana arewa. Matsalar ba yawan ruwan shekara ba ce, yadda yake saukowa ne. Damina biyu gare mu, babbar daga wajen Afrilu zuwa tsakiyar Yuli, ƙaramar wajen Satumba zuwa Nuwamba, amma kusan duk masifar a watan Yuni take taruwa. Sai a yi sati biyu ana yayyafi ƙasa ta sha ta ƙoshi, sannan dare ɗaya sama ta buɗe baki. Ranar 3 ga Yuni 2015 an auna sama da milimita 200, ka ga kenan kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan shekara guda ya sauka tsakanin la'asar da tsakar dare. Babu gotar da aka gina a garin nan da irin wannan lissafin.

Amma abin da ya fi komai shi ne siffar ƙasar, kuma nan nake so ka tsaya ka fahimta sosai don shi ne zai gaya maka gaskiyar ɗakinka fiye da rantsuwar mai gida. Ka ɗauki faranti ka jingina gefe ɗaya a kan dutse, ɗaya gefen ka bar shi a ƙasa. Gefen saman shi ne duwatsun Akwapim, can wajen Aburi da bayan Abokobi, inda tsayin ya kai ɗaruruwan mita. Gefen ƙasan shi ne bakin teku wajen Korle. Kogin Odaw daga gindin duwatsun nan yake tasowa, ya ratso ta Ashongman da wajen Atomic, ya biyo ta Achimota, ya zo Alajo, Avenor, ya wuce ta gefen Circle, ya bi ta Agbogbloshie ya faɗa tafkin Korle, daga nan sai teku. Tafiyar gaba ɗaya wajen kilomita 30 ce, gajeren kogi ne, amma ƙasar da ke zubo masa ruwa ta kai murabba'in kilomita 270, kuma mutum sama da miliyan biyu ne ke zaune a kanta. Duk ɗigon da ya faɗi a kan kwanon wani a Haatso ko Dome ko Kwabenya, in bai nutse a ƙasa ba, hanyarsa ɗaya ce, ta bayan tagar ɗakin da aka nuna maka.

Kuma ba shi kaɗai yake zuwa ba. Akwai Onyasia mai saukowa ta wajen Legon da Dzorwulu, inda ƴan uwanmu masu lambu ke ban ruwan latas da kabeji, shi a nan wajen Alajo ɗin yake haɗuwa da Odaw. Ka lura da wannan fa. Sai namu rafin na Nima, wanda yaran yanzu ba su ma san rafi ne ba, su dai "gota" suka sani. Daga wajen filin jirgin sama yake tasowa, ya biyo ta Kawukudi, ya ratsa tsakanin Maamobi da Nima, ya gangara ta Asylum Down ya je ya shiga Odaw kusa da Circle. Can ƙasa kuma gotar Kaneshie na kawo nata ruwan daga yamma. Wato tsakanin Alajo da Agbogbloshie, ɗan tsukin nan, shi ne wuyan mazurari.

Yanzu ga inda abin ya ɓaci. A sama akwai gangare, ruwa na zuwa a guje kamar an kore shi. Da ya iso wajen Alajo zuwa Circle sai gangaren ya mutu, ƙasa ta kwanta shimfiɗe, tsayinta a kan teku ƴan mitoci ne kawai. Ruwan da ya zo da gudu sai ya tarar da na gabansa na tafiyar hawainiya, na baya na turowa na gaba bai matsa ba, ina zai je? Sai ya hau sama ya fantsama gefe. Kuma ruwa in ya rage gudu dole ya sauke kayan da ya ɗauko, yashi da laka, shi ya sa cikin Odaw ke cikewa daidai inda ake buƙatar zurfinsa. Na taɓa soka sandar awo a wani wuri ƙasa da Avenor inda takarda ta nuna akwai daɓen kankare, sandar ta shige har ta kusa ƙarewa a hannuna ban ji kankaren ba, a saman lakar kuwa ciyawa ce ta fito shar, awaki na kiwo a tsakiyar kogi. Fiye da rabin hanyar ruwan babu ita kenan tun kafin hadari ya haɗu.

Daga ƙarshe sai teku ta sa nata hannun. Tafkin Korle ƙofa ɗaya gare shi, kuma teku na cika tana janyewa sau biyu a yini, bambancin kan kai kusan mita ɗaya. In aka yi rashin sa'a ruwan sama ya iso lokacin da teku ta cika, ƙofar kamar an kara mata dutse ne, ga igiyar ruwa kuma kullum tana tara yashi a bakin. Ku a Kumasi ba ku da wannan. Garinku tudu da kwari ne, yana can sama da teku nesa, Subin da Aboabo da Sisa suna da inda za su gangara su je su shiga Oda (taku Oda, tamu Odaw, kar ka rikita su). Na san Aboabo ma ruwa na shiga gidajen bakin rafi, kai ka fi ni sani, amma naku yakan zo ya wuce ne, namu zuwa yake ya zauna ya miƙe ƙafa.

Wani abu da kullum ke ba ni dariya da takaici a haɗe: taswirar Ankara da Hausa take magana amma mu Hausawan ba ma saurare. Akwai unguwa sunanta Tudu. Akwai wata sunanta Fadama. Duk ɗan da aka haifa a arewa ya san fadama wurin shinkafa ne da rake da lambun rani, wurin da ruwa ke kwanciya da damina, ba wanda ke kai iyalinsa ya kafa musu ɗaki a ciki. Kakanninmu da suka raɗa wa gefen Korle wannan sunan sun san abin da suka gani. Zamanin Nkrumah aka tashi mutanen wurin aka mai da su inda ake kira New Fadama yau, unguwar Limamin ƙasa Shehu Usman Nuhu Sharubutu. Tsohuwar kuwa ba ta zauna wayam ba, a hankali aka sake cika ta, musamman bayan rikicin Konkomba da Nanumba na 1994 da ya koro jama'a daga arewa, aka riƙa zuba dusar katako da bola ana cike taɓo ana kafa ɗakunan katako. Wurin da tafki ke baje ruwansa in ya cika shi ne ya zama gari. Turawa kuwa tun da suka dawo da babban birni daga Cape Coast a 1877, ina suka zaɓar wa kansu? Ridge da Cantonments, kan tudu, inda iska ke kaɗawa. Mu baƙi da ƴan ci-rani da masu shanu aka bar mana gefe. Nima ma ai Malam Amadu Futa ne ya karɓi filin a hannun gidan Odoi Kwao a farkon shekarun 1930, wajen gari ne a lokacin, babu ruwan hukumar birni da ita, kowa ya gina inda ya samu, ba titi ba kwalbati. Da gari ya zo ya haɗiye ta, an riga an gama gini har bakin rafi.

Kuma kar wani ya ce maka ambaliyar nan sabon abu ce. An yi babba a watan Yuni 1959, an yi a Yuli 1968, tsofaffinmu na ba da labarinsu. A lokacin ina ledar piya wata? Babu ita, sai a shekarun 1990 ta shigo. Mutanen garin gaba ɗaya ba su kai rabin miliyan ba a 1960, amma Odaw ya cika ya tumbatsa ya shiga gidaje. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka bola ba ita ce uwar matsalar ba, ƙari ce a kan ciwo.

Wadda na gani da idona ta farko ita ce ta farkon Yuli 1995. Ina saurayi, gidanmu jeri na uku ne daga gota. Abin da ba zan manta ba, ruwan ba ta ƙofa ya fara shigowa ba. Muna ta tsaron ƙofar gida da buhunan yashi, ashe ta makwararar banɗaki yake ɓulɓulowa, baƙi wuluk mai wari, don babbar gota ta cika ta fi ƙaramarmu tsayi sai ruwan ya juyo da baya. Kafin mu ankara tsakar gida ta zama tafki, bokitai da takalma na yawo. Innarmu ta ɗora buhun masara da keken ɗinkinta a kan gado, ta ɗora ƙannena biyu a kan buhun, ita kuma ta tsaya cikin ruwa har gwiwa riƙe da fitilar ƙwai da jakar Alƙur'anin Baba a ka, tana ta hasbunallahu har asuba. Da gari ya waye ruwan ya janye ya bar mana laka mai kaurin tafin hannu, da wani layi a jikin bango wanda duk fentin da aka shafa sai ya sake fitowa. Shekara guda bayan wannan, 1996, aka kafa NADMO, hukumar agajin gaggawa ta ƙasa. An sake yi a ƙarshen Yuni 2001, an yi ranar 26 ga Oktoba 2011, ita wannan cikin ƙaramar damina ma ta zo lokacin da kowa ya saki jiki.

Sai ta 2015, Allah kar ya maimaita mana. Laraba ce. Ni dai a wajen Kanda na sauka daga tortoro (bas ɗin haya) don mota ta daina motsi, na tako da ƙafa na hau tudun Nima, wannan ne ya raba ni da Circle a daren. Mutane sun tashi daga aiki da kasuwa, ruwa ya tare hanya, suka fake a gidan man da ke Circle suna jiran ya tsagaita. Ruwan ya shiga ya taso da mai, man ya bi saman ruwa ya bazu, wuta ta kama ta biyo shi. Ruwa a ƙasa wuta a sama. Sama da mutum 150 suka rasu, shugaba Mahama ya sa aka yi zaman makoki na kwana uku. Ƙiyasin da aka yi daga baya ya ce ambaliyar ta taɓa mutum wajen 53,000, asarar dukiya kuma wajen dala miliyan 55. Washegari na bi ta Odawna, motocin gareji an ɗora wata kan wata kamar yara sun yi wasa da gwangwani, mata na shanya atamfofi da takardun makarantar yara a kan ƙarfen gada, ba mai yi wa wani magana. Ba a yi sati uku ba, azumi ya kama kenan, hukumar birni, AMA, ta shiga Old Fadama da katafila ta rushe ɗakunan da ke bakin tafki, dubban mutane suka sha ruwa a fili.

Toh me ya sa abin ke ƙara muni alhali ruwan saman ba wani ninkuwa ya yi ba? Siminti. Lokacin da nake yaro in ka wuce Achimota da Legon daji ne da gonakin rogo. Ƙasa mai ciyawa in an yi ruwa takan shanye mafi yawansa, saura ya gangaro a hankali, ya ɗauki awoyi kafin ya iso Alajo. Yau ka hau mota ka je Agbogba, Ashongman, Taifa, Kwabenya har gindin dutse, kwano ne da katanga, kuma kowane mai kuɗi in ya gama gini sai ya shafe tsakar gidansa kaf da tayil ko kankare don kar laka ta taɓa tayar motarsa, ya fasa rami a gindin katanga ya sako ruwan titi. Yi lissafi da kanka: kwano mai faɗin mita goma da tsawon mita goma, in aka yi ruwan milimita 50, wanda ba wani abin a zo a gani ba ne a watan Yuni, lita 5,000 zai zubar, galan Kufuor mai lita 25 guda 200 kenan daga rufin ɗaki ɗaya. Ka ninka da gidaje dubu ɗari nawa. A ƙidayar 2021 yankin Greater Accra ya haura mutum miliyan biyar. Ruwan da a da ƙasa ke sha yanzu duk a gota yake, kuma wanda a da yake isowa kashi kashi yanzu tare yake isowa, na Onyasia da na Odaw su yi karo a Alajo a sa'a ɗaya. Shi ya sa za ka ga wani lokacin a unguwarku yayyafi kawai aka yi amma gota ta cika fal, ruwan wasu ne aka aiko muku.

Yashin da ke cike kogin ma daga can yake. Titunan da ba kwalta, filayen da aka sare aka bari tsirara, tifofin yashi da masu gini ke jibgewa a bakin hanya, ruwa ɗaya ya kwashe rabi. Ni a ganina, kuma na sha faɗa a wurin taro ana harara ta, tsakar gidan alhajin da ke kan tudu ya fi kwandon bolar matar Nima kawo ambaliya. Amma in ƴan talabijin suka tashi ɗaukar hoto, zango suke zuwa, don leda ana ganinta, siminti kuwa ba ya wari.

Kar ka ɗauka wanke mu nake yi fa. Muna da namu laifin kuma babba ne. Kowa a Nima ya san da hadari ya haɗu akwai masu fitowa da buhunan bola su tsaya a bakin gota suna jiran ruwa ya zo ya ɗauke musu, don kar su biya mai aboboya (babur mai ƙafa uku na kwasar bola) sidi kaɗan. Bolar nan a fili ba ta cika tare ruwa ba, a gindin gada take kashe mu. Katifa ɗaya ko tsohon firij ya gicciye a bakin kwalbati, ledoji da robobi su taru a bayansa, cikin minti goma an yi madatsa, ruwa ya haura titi. Na taɓa tsayawa ana zaro kujerar falo mai zaman mutum uku daga ƙarƙashin wata gada, har da matashinta. Ga bututan ruwa da na waya da aka ratsa ta ƙarƙashin gadoji ƙasa ƙasa, su ma kamar ƙugiya suke. Kuma bayan ruwa ya janye sai ciwo ya biyo, ka tuna kwalarar 2014 da ta fi ƙarfi a nan Ankara, ita ta sa aka fara sharar Asabar ɗin farkon wata.

Maganar yashewa da mai gidanka ya kafa hujja da ita, eh tana taimakawa, ba zan ce ba ta yi ba. Amma kamar aski ce. Tunda yashin bai daina saukowa daga sama ba, damina ɗaya biyu ya dawo, balle in aka tara lakar a bakin kogi ba a kwashe ba, ruwan farko ya mai da ita inda ta fito, na ga wannan ba sau ɗaya ba. An yi aikin gyaran tafkin Korle tun wajen 2000, kuɗi masu yawa suka shiga, je ka leƙa tafkin yau ka ba ni labari. Yanzu akwai aikin GARID da Bankin Duniya ya ba da dala miliyan 200 a 2019, a cikin tsarinsa akwai yashe Odaw, gyaran gadoji, gyaran unguwanni irin su Nima da Alogboshie da Akweteyman, da kuma abin da ni na fi so, wato haƙa manyan tafkunan riƙe ruwa can sama wajen Atomic, su tare shi na ɗan lokaci su riƙa sakinsa kaɗan kaɗan. Wannan shi ne maganin da ya dace da ciwon, don wuyan mazurari ba ya faɗaɗuwa sai an rushe rabin Alajo da Avenor. Amma kai mai neman ɗaki bana, kar ka biya kuɗi a kan abin da ke cikin takarda.

Af, in ka ji ana cewa an buɗe dam ɗin Weija ruwa ya ci Tetegu da Oblogo, wannan kogin Densu ne, can yamma, babu haɗinsa da Odaw. Mutane na yawan cakuɗa su.

Yanzu ɗakinka. Alajo ba duka ɗaya ba ce, akwai ɓangaren da ke hawa sama wajen Kotobabi, akwai wanda ke kwance a bakin ruwa, wani lokacin tazarar gida biyar ce tsakanin mai barci da mai kwasar ruwa. Tunda ka ce bayan gota ne kuma da araha, ni zuciyata ta riga ta ba ni, amma je ka duba da kanka. Kar ka kalli fentin cikin ɗaki, masu gida sun iya shafa sabon fenti kafin ɗan haya ya zo, zagaya bayan gidan ka duba katangar da ba a shafa ba da jikin turakun lantarki, za ka ga layin laka, wani lokacin biyu uku, kowanne da shekararsa. Duba ƙofofin maƙwabta: in ka ga kowa ya gina ɗan bango a bakin ƙofa sai an ɗaga ƙafa an tsallaka, ba ado ba ne. In ɗakin sai ka sauka taki ɗaya ko biyu daga titi kafin ka shiga, ka gode musu ka tafi, don titi ake ta ɗagawa duk gyara gidajen na nutsewa. Leƙa ɗakin wani in an bar ka, gado a kan bulo, soket ɗin wuta a daidai ƙirji, firij a kan tebur, duk amsa ce. Ka shiga banɗaki ka ga ina makwararar ta nufa, in kai tsaye take shiga babbar gota kuma bakinta na ƙasa, abin da ya same mu a 1995 zai same ka ko da ƙofarka ta kai sama. Sannan kar ka tambayi dillali, kar ka tambayi mai gida. Je da safe ka sayi koko da ƙosai wurin matar da ta daɗe a kan layin, ka gaishe ta da kyau ka ce Hajiya ruwan 2015 ina ya tsaya a nan, za ta nuna maka da hannu a jikin bango, har ta ƙara maka da na bara. Ladanin masallacin unguwa ma ya sani, shi ke naɗe darduma.

Haka shagon da za ka zauna a Circle. Kayan aikinka da wayoyin mutane kar su kwana a ƙasa daga Mayu zuwa Yuli, ka sa kanta a sama, wayoyin kwastoma kuma cikin roba mai murfi. In kana can hadari ya yi baƙi ta wajen arewa da la'asar, rufe ka tafi tun ana samun mota, in kuma ya riga ya tare ka to ka hau bene ko ka nufi tudu, kar ka fake a gidan mai, kar ka ratsa ruwa mai gudu ko da iya gwiwa ne, gotocin wurin da yawa a buɗe suke ba ka ganinsu, kuma yawancin waɗanda ruwa ke tafiya da su a garin nan haka yake ɗaukarsu. A gida in ya fara shigowa abu na farko ka kashe wuta daga mita. Lambar gaggawa 112 ce, ka ajiye ta, amma a irin wannan daren samarin unguwa da igiya su ne ke fara isowa.

In son samu ne kar ka ba da adibas na shekara biyu a watan Janairu ko Fabrairu lokacin da ko'ina ya bushe ƙamas. Ka lallaɓa wurin wani ɗan uwa a Newtown ko saman Nima ko Kotobabi ka ga Yuni ɗaya da idonka, ko ka roƙi mai gidan ya karɓi na wata shida, in ya ƙi ka san dalili. In ka shigo gari ka yi min magana, ranar Juma'a bayan an sauko sai mu taka tare, ina da ƴar na'urar awo a mota, minti goma ya isa mu san tsayin daɓen ɗakin a kan bakin gotar. Ka gaida mutanen Aboabo.